Jan Alli a Bodar Jibiya

Shekarun baya, lokacin da kuɗin mai ya fara yawo a ƙasar nan, na raka abokina Maraɗi. Malamin zane ne, makaranta ɗaya muke koyarwa a Katsina. Wani tsohon Bafaranshe da zai koma gida ya bar masa jakar takardu, zane-zanen mutanen ƙasarsu na ɗaruruwan shekaru, waɗanda ya kwafa da hannunsa. Ni dai kilishi ya kai ni, ban san kan zane ba.

A dawowa muka wuce 'yan duwan, wato kwastan na Nijar, lafiya. A ɓangarenmu na Jibiya kuwa ranar kasuwa ce, wani kwastan ya buɗe jakar, ya baje takardun a kan mota.

Sai a lokacin na gan su sosai. Da jan alli aka yi su duka. Ga hannu shi kaɗai, yatsu a tanƙware. Ga ƙafa daga gwiwa zuwa ƙasa. Ga kan wani dattijo, ido ya juye sama, baki a buɗe, ba wuya ba kafaɗa. Ga wani ƙato tsirara a miƙe kamar an gama yi masa wanka. Ashe haka suke koyo, gaɓa-gaɓa, kafin su haɗa mutum. Kwastan ya shafa ɗaya, ya ɗago yatsansa jawur.

To, zamanin ne ake ta raɗe-raɗin cewa da sassan mutane ake yin sabon kuɗi. Ba wanda ya yi ihu. Sai 'yan dako da masu awo suka riƙa matsowa har muka daina ganin titi. Wani ya ce ƙasa-ƙasa, "Sassan da aka aike su nema ke nan." Na ga wani ya sunkuya ya ɗauki dutse.

Abokina ya ce, "Jama'a, zane ne fa!"

Sai wata tsohuwa mai daddawa ta kutso. Ta nuna takarda ɗaya ta ce, "Ɗana, wanga hannun wane ne?"

"Inna, mai shi ya rasu tun kafin kakanninmu. Zama ya yi, aka kalle shi aka zana."

"Da kallo kurum? To yi nawa mu gani."

Ta ɗora hannunta a kan mota. Abokina ya zaro alli, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Ba ka jin komai sai ƙarar allin. A hankali jijiyoyi suka fito, sai tabon ƙuna, sai ƙaramin yatsanta da ya karkace. Wani ya ce, "Ikon Allah, shi ne!" Mai dutse ya saki dutsensa, aka fara dariya, kwastan ya ce mu tattara mu ba shi wuri.

Tsohuwa ba ta yi dariya ba. Ta dubi takardar, ta dubi hannunta, ta dunƙule ta buɗe.

"Hannuna ya yi sanyi," in ji ta. "Ba ka tahiya Katsina da shi."

Ta karɓi ƙwarya da ruwa wajen mai fura, ta wanke zanen yadda ake wanke allo. Ruwan ya yi ja, ta kafa kai ta shanye tas. Ta murza hannun, ta ce, "Ya dawo," ta ɗauki kayanta ta wuce.

Daga baya abokina ya ce min bai taɓa yin zanen da ya kai wannan kyau ba.

Na yi karatu, na san alli ne da takarda. Amma har yau in na ci karo da irin zanen nan tsigar jikina tashi take, don nakan tuna masu waɗancan hannayen, da ba wanda ya mayar musu da nasu.