Gashin Bakin Malamin Aji Huɗu

Shekara talatin da ɗaya yana koyar da aji huɗu, kuma ba wanda ya taɓa ganin leɓensa na sama. Gashin baki gare shi mai kauri, ya sauko ya rufe bakin ruf. Yara na kiransa Malam Tsintsiya a bayan idonsa, mu malamai kuwa Baba muke ce masa. Ya fi kowa sammako, ba ya fashi, amma ba ya son a leƙa masa aji. Ko hedimasta sai ya yi sallama sau biyu.

Ni ce malamar aji uku, bango ɗaya ya raba mu. Bara waccan na koyar da 'yar tela, yarinyar da zazzaɓi ya tafi da yawancin jinta tun tana ƙarama. Bakin mutum take kallo ta gane maganarsa, kuma a ajina ita ce ta huɗu. Wata biyu da shigarta ajin Baba sai ga ta kusa da ta ƙarshe. Hedimasta ya ce in ba ta farfaɗo ba a jarrabawar zango za a maido ta aji uku. Uban ya ce in haka ne gara ta zauna a shago tana ɗinka maɓalli. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na san kan yarinyar nan.

Na sami Baba yana duba littattafai, na roƙe shi ya bar mu mu zauna a bayan ajinsa, ni da Mai Jaka. Ita ce malamar yara masu lalurar ji, tana zuwa mana duk Laraba da ƙatuwar jakarta.

"Sufeto kika zama, 'yata?" in ji shi. "Kujerar gaba na ba ta. Muryata har bakin titi ana ji. Me ya rage?"

Sati guda ina yi masa naci kafin ya ce minti ashirin, ba ƙari.

Minti biyar ma sun isa. Baba yana rubutu yana bayani, fuskarsa na allo, yarinyar ƙeyarsa kawai take kallo. In ya juyo kuma, ga gashin baki. Mai Jaka ta raɗa mini, "Ke za ki faɗa masa, ni baƙuwa ce."

"Ni kuma ina son aikina," na ce.

Sai muka gaya masa zancen allo kaɗai. Muka shirya duk lokacin da 'yan ajina suka fita wasanni, in riƙa yi masa rubutu shi yana fuskantar yara. Abin ya ɗan yi sauƙi, amma bai kai ba.

Laraba ta zagayo, Mai Jaka ta yi ta maza. Ta zaunar da shi a ofishin malamai, ta motsa baki ba murya. Ya gane ta ce "bakwai". Sai ta ɗora tafin hannunta a kan leɓenta na sama ta sake motsawa. Baba ya ƙura mata ido, bai gane komai ba. Ya daɗe yana shafa gashin bakinsa, sannan ya ɗauki allinsa ya fita. Na ce shi ke nan, mun ɓata goma ɗaya ba ta gyaru ba.

Ran Litinin mai gadi ya tare wani dattijo a ƙofa yana tambayarsa wurin wa ya zo. Baba ne, leɓe fes, fatar wurin ta fi sauran fuskar haske. Yara suka yi dariya har da dukan tebur, ya bar su suka gama. Sannan ya dubi aji ya tambayi bakwai sau takwas. Ina tsaye a allo na ga hannun 'yar tela ya riga na kowa tashi. Na sauke wata ajiyar zuciya har alli ya suɓuce mini.

Ta zo ta tara a jarrabawar, ba a maido ta ba. Baba ya ce jikansa ya kwana biyu yana gudunsa, matarsa kuma har yau ba ta yafe mana ba.

Bana yarinyar tana aji biyar. Ranar farko, ba wanda ya roƙe shi, Baba ya ɗauki kujerarsa ya yi sallama ajin sabon malaminta, ya ce minti ashirin kawai zai yi a baya. Malamin mai gashin baki ne, kuma na ga kan reza ya leƙo daga aljihun Baba.