Kek ɗin Gudrun Pohlmeier

Takardun baitocin da ake mannawa a gaban ƙafar Ulf a kan dandamali, rubutunsu ƙara girma yake kowace shekara. Na lura da haka lokacin da aka ba ni aikin tsara akwatunan tsofaffin takardun Rostfinken, ƙungiyar mawaƙan rok da mahaifina ke yi wa kiɗan ganga tun 1987, tun suna gwaji a wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa a nan Wuppertal. Ulf, mai rera musu waƙa, har yau cewa yake idonsa garau ne. Bai san Gudrun Pohlmeier ce ke faɗaɗa masa haruffan kaɗan-kaɗan ba, don kada ya sa tabarau a gaban jama'a ya ji kunya.

Ranar wasa, ƙarfe bakwai na safe tana gaban ɗakin gwaji da motar kaya. Ita ke lodi, ita ke tuƙi, ita ke shimfiɗa wayoyi ta danne su da salatif, sannan ta zauna gaban injin haɗa sauti a bayan zaure, inda fitila ba ta kaiwa. Shekara talatin da bakwai ke nan. A cikin akwatunan nan duka, sau ɗaya na ga sunanta, a bayan wani faifai, shi ma an ɓata rubutunsa.

Jochen mai jita ya kurmance a kunnen hagu tun ina firamare. Ba wanda ya isa ya gaya masa. Ita ta mayar da lasifikarsa dama, shi kuma yana ta yabon kansa wai ya fi matasa ji. Akwai shekara biyu da Ulf da Baba suka yi ba sa magana, suna wasa a dandamali ɗaya. Mama ta shaida mini yadda aka yi. Ulf zai ce, "Gudrun, gaya wa jakin can gudun me yake da ganga, bas zai kama?" Ta je wurin Baba ta ce, "Henning, Ulf ya ce kiɗanka ya yi kyau, ka ɗan sassauta." Da ta kai saƙo ɗaya yadda aka ba ta, da tuni babu Rostfinken.

Ke ce igiyar da ta ɗaure waɗannan tsofaffin yara uku, Anti Gudrun. Ke ce mai kunnen da jama'a ke ji da shi ba su sani ba.

A akwatin ƙarshe na tarar da ambulan da ba a buɗe ba, da rubutun hannunta, kwanan watan Yuni. Na buɗe. Ta sanar da su gwiwoyinta sun gaji, wasan ƙarshen Satumba shi ne na ƙarshe gare ta. Wata uku takardar na kwance tsakanin tallan abinci da wasiƙun masoya. Na ɗora ta a kan teburin Ulf. Washegari na ga ya aza kofin kofi a kai.

Asabar ɗin da ta wuce, ranar wasan ƙarshen Satumban, bayan gwajin sautin rana, ta shigo da babban faranti na kek mai tuffa. Kowa a nan ya san mai barin aiki shi ke kawo kek ranarsa ta ƙarshe. Mai ranar haihuwa ma haka.

"Kai, Guddi!" in ji Ulf. "Shekara nawa yau? Sha takwas?"

"Me ta ce?" in ji Jochen.

"Ba ta ce komai ba, kurma. Ranar haihuwarta ce."

"Wa kake ce wa kurma, makaho?"

"Ku bari, tsofaffin banza," in ji Baba. "Mu yi mata waƙa."

Suka yi mata waƙar ranar haihuwa, murya uku, kuma wallahi ta yi daɗi, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan. A watan Janairu aka haife ta. Mutanen da suka haddace sunan kowane zaure da aka taɓa jifansu da kofin giya, ba su san wannan ba.

Ta tsaya tana saurare, hannu a aljihu. Da suka gama ta ce, "Jochen, ka yi ƙasa a baiti na biyu." Suka fashe da dariya.

Ni kuwa na san gaskiya. Na buɗe baki zan faɗa, sai Baba ya ce, "Fenja, miƙo wuƙa mana." Na miƙa masa wuƙa. Karatun jami'a shekara biyar, ga iyakar abin da na iya. Shi ya sa nake rubuta wannan a jaridar gari, tunda su ukun suna karanta duk shafin da sunan ƙungiyarsu ya fito.

Na gode, Anti Gudrun, da kika riƙe ƙungiyar da ta ciyar da gidanmu, da kuma ranakun da kika sa mini abin toshe kunne da hannunki tun ina ƙarama. Ku kuma masu karatu, ku yi aiki irin nata. In akwai mai irin wannan aiki a wurinku, ku tambayi ranar haihuwarta, kuma don Allah ku riƙa buɗe wasiƙunku.

An yi wasan da la'asar a filin shaƙatawa, sauti tas, ba ko ƙara. Ulf ya gabatar da Jochen, ya gabatar da Baba, ya gode wa masu sayar da tsiran alade. Bayan an watse suka koma musu kan wanda ya ɓata waƙa ta huɗu. Gudrun ta naɗe wayoyi ɗaya bayan ɗaya, ta rubuta sunan kowacce a jiki yadda ko baƙo zai gane. Ta ajiye makullin mota a kan gangar Baba, ta ɗauki jakarta, ta bi ta ƙofar baya tana ɗan ɗingishi.