Dutsen Kawu

Dutsen garinsu Kawu kullum ƙara tsawo yake yi. Lokacin da na iso Jidda na fara zama a shagonsa na yadi a kasuwar Bab Makka, wuni guda ake yi ana hawansa. Kafin in yi aure ya kai sai an kwana a hanya. Da furfura ta fara fito mini, gajimare ma a ƙugunsa yake tsayawa. A can samansa kuma, in ji Kawu, akwai wani tafki a cikin dutse, ruwansa kore shar, sanyinsa sai ya ƙame maka haƙora, ba ya ƙafewa ko an shekara ba ruwan sama. Duk wanda ya shigo sayen shadda sai ya sha wannan labari. Na sha ganin mai saye ya biya ba tayi, don kawai ya samu ya tsira.

Kawu wan mahaifiyata ne, haifaffen wani ƙauye a kan duwatsun Azbin, arewa da Agadas. Yana saurayi ya sauko ya zo aikin hajji, sai hajjin ta zarce ta zama zama. Ya yi aure a unguwar Nuzla, ya haifi 'ya ɗaya tilo, wadda ita ce taubashiyata. Ma'aikaciyar jinya ce, haihuwar Jidda. Tana jin Hausa tsaf, musamman idan zaginta aka yi, amma in za ta mayar sai rabi ya fito da Larabci. Tun da na aje tumbi ta daina kirana da sunana, sai Abu Kirsha, wato mai tumbi. Ni kuma ina ce mata Likitar Dole.

Bayan rasuwar matarsa Kawu ya yi sanyi. Wata rana muna cin abincin rana a gidansa ya aje cokali ya ce gida zai koma, komawa ta gaba ɗaya. Yana so ya sha ruwan tafkin nan, in ta Allah ta kasance a sa shi kusa da uwarsa.

“Abuya, da wace ƙafa?” in ji taubashiyata, don haka take kiran ubanta da Larabci. “Kai da kanka ka ce mota ba ta hawa.”

“Da ƙafar da na sauko.”

“Ƙafar da daraj ɗin masallaci yake kayar da ita?”

Matakalar masallacin unguwarsu take nufi, kuma gaskiya ta faɗa, don ni nake riƙe masa hannu ran Juma'a. Na ce ai akwai jakuna. Kawu ya yi mini wani kallo. Ya ce a garinsu buhun gero da mai jego ne kaɗai ke hawa dutse a kan jaki, in gaya masa a cikin biyun wanne ne shi.

An yi makonni ana wannan ja-in-ja. A ƙarshe ita ce ta kawo mafita. A lokacin an fara yayin hawan dutse a Jidda. Mutane masu hankalinsu, masu mota da na'urar sanyaya ɗaki, sai su tashi ranar hutu su je su wahalar da kansu a kan duwatsu su dawo suna nuna hoto. Ita ma tana cikinsu. Ta ce akwai wani dutse a Shafa, bayan Ɗa'ifa, da ƙaramin tafki a gefensa. In Kawu ya hau shi har ƙololuwa da ƙafarsa, halas, ita da kanta za ta ɗaure masa kaya. In ya kasa, a bar maganar. Kawu ya yi dariya ya ce tsibin ƙasar Larabawa ne za a gwada shi da shi? Aka ce ni ne direba kuma shaida. Ban taɓa fahimtar abin da zai sa mutum ya hau dutse ba in ba akuyarsa ce ta ɓace a can ba, amma ba wanda ya nemi ra'ayina.

Ta gargaɗe mu mu sa kaya marasa nauyi da takalmin gudu. Mu kuwa abin da muka ji shi ne za a fita, kuma za a ɗauki hoto. Da safe Kawu ya fito cikin babbar riga ta farar shadda, ta sha sitaci har tana ƙara, ga rawani, ga sabon takalmi sau-ciki da ya saya jiya. Ni ma ban bari an bar ni a baya ba, na sa tazarce mai aiki a wuya. Na ɗauko darduma, da kular shinkafa da nama, da ƙaramin murhun gas, da butar shayi da kofunanta, domin Kawu ya ce ba a zuwa wa dutse hannu rabbana. Taubashiyata ta tsaya a bakin ƙofa da 'yar jakarta da gorar ruwa tana kallonmu.

“Ɗaurin auren wa za ku?” ta ce.

Hanyar hawa Ɗa'ifa murɗe-murɗe ce, kamar hanjin rago. Iska ta yi sanyi, kunnuwana suka toshe, duwatsu suka tsaya ta kowane gefe, baƙaƙe, tsirara. A wata kwana muka tarar da garken gwaggon biri zaune a kan katangar titi, suna duba kowace mota kamar 'yan sanda masu tambayar iƙama, takardar izinin zama. Kawu ya sauke gilashi don ya yi musu tsawa. Wani ƙato ya miƙo hannu ya zare ƙullin goron da ke kan cinyarsa, ya koma ya zauna ya ɓare ɗaya, ya ɗanɗana ya tofar. Kawu ya fi jin haushin tofarwar a kan satar.

A Shafa muka aje mota a gindin dutsen. Wurin yana da kyau, ba zan yi ƙarya ba. Itatuwa gajeru masu ƙamshi sun manne a jikin dutse, gajimare yana wucewa ƙasa-ƙasa yana shafar mutum, ga wata siririyar hanya ta kama sama tana lanƙwasa. Kawu ya yi bisimilla ya shige gaba, 'yarsa ta bi shi, ni kuma na zo ƙarshe da kaya niƙi-niƙi.

A nan ne muka yi kuskuren da babu mai yinsa sai mu. A wurinmu yaro ba ya shiga gaban babba a hanya, ba ya kuma buɗe baki ya ce wa babba ka gaji. Ko taubashiyata, da duk Larabcinta da bakinta, da wannan aka raine ta. To sai ga tsoho a gaba, idanu huɗu a ƙeyarsa, babu halin ya tsaya ya huta, don tsayawa faɗuwa ce. Mu kuma babu halin mu ce ya tsaya. Ladabinmu ne ya dinga kora shi sama kamar bulala.

Masu hawa suna ta wuce mu da sandunansu da kayansu masu launi. Kowa ya yi sallama sai Kawu ya amsa ta cikakkiya, har da barakatuhu, ya ƙara da tambayar iyali, numfashin da ya kamata ya adana yana rabar da shi sadaka. Wasu suka nemi hoto da shi, sun ɗauka wani shehi ne ya zo duba ƙasarsa. Tun ina dariya har na daina, domin na ga zufa ta jiƙe bayan rigar, sitacin ya saki. Ya fara ɗingisa ƙafa saboda sabon takalmin. Tsoro ya kama ni.

Sai na yi abin da ya zo mini. Na saki kula, na zube a kan wani dutse, na ce wayyo Allah, Kawu, ni kam na mutu, a taimaka a tsaya. Rabinsa ma ba ƙarya ba ne. Kawu ya juyo, fuskarsa ta cika da murna.

“Kai, tir! Dubi ƙato! Shinkafar Larabawa ta gama da kai. To, mu zauna saboda kai.”

Ya zauna saboda ni, yana haki yana zagina, har numfashinsa ya dawo. Muka ci gaba. Da na ga ya sake tangaɗi, na sake mutuwa. A mutuwata ta uku taubashiyata ta tsuguna kusa da ni kamar za ta duba ni, ta kama hannuna ta matse shi da ƙarfi.

“Abu Kirsha, na gane ka,” ta ce ƙasa-ƙasa. “Bugun zuciyarka lafiya lau.”

“Ki bar shi ya kai mana. Me zai rage ki?”

“A can garinsu wa zai mutu masa? Za ka bi shi ne kana faɗuwa?”

Na dube ta. Idanunta sun kawo ruwa, kuma ban taɓa ganin haka ba. Sai a lokacin na gane ba nasara take nema a kan ubanta ba. Tsoro take ji kada ya faɗi a wani lungun dutse inda babu ita.

Muka tashi, ban sake mutuwa ba. Kawu ya yi ta jan jiki, kowane taku sai ya tsaya yana gyara rawanin da bai kwance ba. Ƙololuwar tana can nesa, ko rabi ba mu yi ba. Can sai na ji ta ce, “Abuya, ba ni hanya.” Kafin ya amsa ta raɓa ta gefensa ta wuce. Ta shiga gaban ubanta, a gaban idona, ko waiwaye babu, ta yi sauri ta sha kwana ta ɓace. Na buɗe baki zan yi salati saboda rashin kunyar.

Tana ɓacewa Kawu ya zauna. Ba saboda ni ba wannan karon. Ya zauna daɓas a ƙasa, ya cire takalman, dugadugansa duk sun saluɓe. Daga inda muke ana hango tafkin a ƙasa ta hannun dama, kwance tsakanin duwatsu biyu, shiru, gajimare yana yawo a cikinsa. Ya daɗe yana kallonsa.

“Ɗora shayi,” ya ce.

Na shimfiɗa darduma na kunna murhu. Sai da buta ta fara tafasa ya sake magana, bai dube ni ba.

“Namu ya fi wannan tsawo. Ba kamar yadda nake faɗa a shago ba, amma ya fi shi.” Ya shafa gwiwarsa. “Da gudu na sauko, ka sani? Uwata tana kirana in tsaya in karɓi guzuri, na ce mata ai yanzu zan dawo.”

Na sauke buta daga wuta. Na yi ta juya shayi daga buta zuwa kofi, kumfa ta tashi har ta wuce misali.

Ta dawo muna kan shayi na biyu. Ta dubi ƙafafunsa, ta buɗe jakarta ta wanke su ta ɗaure, ba ta ce ai na faɗa ba. Kawu ya miƙa mata kofi ya ce, “To, Likita, kin ci. A bar maganar.” Muryarsa ta ba ni tausayi ƙwarai, har na fi son lokacin da yake zagina.

Ta kurɓa ta yamutsa fuska, don ba ta taɓa son ɗacin shayinmu ba. Sannan ta ce da Hausarta mai karkata, “Abuya, jakin nan, shi yana da hankali?”

“Wane jaki?”

“Na buhun gero. Za mu ɗauka ɗaya. Kai a sama, ni a ƙasa. Ina ɗaukar hutu in kai ka.”

“Ni? A kan jaki? Mutanen gari su fito su ga...”

“Su wa suka rage da suka san ka? Yalla, Abuya. Ko jaki ko Nuzla.”

Kawu ya dubi tafki, ya dubi takalmansa, ya dube ni kamar ni na ƙirƙiro jaki. Daga baya ya ce, in dai ya zama dole, a samo fari, kuma kada wanda ya ɗauki hoto.

Bayan 'yan watanni hoton ya iso wayata. Ga Kawu a kan jaki, jakin ma ba fari ba, cikin babbar rigar nan, ya ɗaure fuska tamau. Na biyu kuma ga shi zaune ya tsoma ƙafafu a tafkin da aka shekara da shekaru ana ba mu labari. Bai fi shagonmu girma ba. Kore ne dai, wannan kam bai yi ƙarya ba, kuma dariyar da yake yi a hoton ban taɓa ganin irinta a Bab Makka ba.

Ni na ɗauko ta a filin jirgi da ta dawo ita kaɗai. Ta rame, ta yi baƙi, ta shiga mota ba ta ko tsokani tumbina ba. Na ce, “Likitar Dole, yaya dutsen? Kin sha wuya a hawa?”

Ta ce a'a, hawa ba komai, a bayan jakinsa ta bi har sama, ba ta wuce shi ba ko sau ɗaya. Ta juya fuska wajen taga.

“Saukowar ce,” ta ce. “Babu kowa a gabana.”