Grema Abatcha da Baturen Italiya

Grema Abatcha manomin tattasai ne a bakin kogin Kumadugu, kusa da Assaga. Nan aka haife shi, nan ya gaji gonar ubansa, kuma in ba kasuwar Diffa ba, ba ya zuwa ko'ina. Dogo ne, marar yawan magana. Barbarci ne harshensa, Hausa kuwa ta ciniki kawai ya iya. Da shi da matarsa Falmata Allah ya ba su ƴaƴa huɗu, duka mata.

A shekarar 1997, lokacin tsinkar tattasai, wata farar mota ta tsaya a bakin gonarsa. Wani gajeren Bature mai furfura ya fito, tare da Sa'adu, ma'aikacin gidan gona ɗan Damagaram, wanda aka haɗa shi da baƙon don ya yi masa tafinta. Grema ya ɗauka mutanen furoje ne, wato shirin taimakon manoma, masu raba injin ban ruwa, sai ya ja su wurin tsohon injinsa da ya lalace. Baturen ko kallon injin bai yi ba. Ya haɗa yatsunsa kamar taga, yana leƙen fuskar Grema ta ciki.

"Malam Sa'adu, lafiyarsa ƙalau kuwa?" in ji Grema.

"Ƙalau. Sunansa Ottavio Merlanti, daga Italiya. Fim yake shiryawa, kuma ya ce kai yake nema."

"A ina ya san ni?"

"Bai san ka ba."

Baturen Faransancinsa guntu-guntu ne. Sa'adu ya juya shi zuwa Hausa, Grema kuma ya sake juyawa zuwa Barbarci a cikin kansa, don haka rabin magana a hanya take zubewa. A hankali dai ya tattara labarin mutumin. Yana saurayi ya bar ƙauyensu ya tafi Roma, ya fara da riƙe wa masu fim fitila. Daga baya ya yi fim uku na sinima, na ukun babu wanda ya je kallo, sai ya koma gidan tele, wato talabijin, ya shekara ashirin yana shirya wasannin ƴan sanda. Yanzu ya haura sittin, yana son ya yi guda ɗaya na kansa, a kan ubansa, wani manomin tattasai da ya baro a kudancin ƙasarsu, bai sake ganinsa ba har ya rasu. Grema yake so ya fito a matsayin uban.

"To ƙasarsu babu tsofaffi ne?" Grema ya tambaya.

"Ya ce an shimfiɗa kwalta a kan gonar uban. Hoton tattasan Diffa ya gani a wata jarida, an shanya shi ja wur, shi ne ya taso."

Grema bai gane ba, amma ya ga baƙo ne ya zo daga nesa, sai ya yarda.

Kwana goma sha tara suka yi. Ranar farko aka ce ya taho daga bakin ruwa zuwa wurin shanya da kwando a ka. Ya taho. Aka ce ya koma ya sake. Sau goma sha huɗu yana tahowa.

"Wai me na yi ba daidai ba?"

"Ya ce ka yi daidai sosai. A sake."

Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne ranar kwalekwale. An kawo wani malamin lakkol, wato makarantar boko, daga Diffa, Ishaƙ, aka ce a fim ɗin shi ne ɗansa, zai haye kogi ya tafi ba zai dawo ba, Grema ya tsaya a gaɓa ya yi ta kiransa. Kwalekwale ya tashi. Grema ya buɗe baki, sai ya rasa da wane suna zai kira mutumin da jiya-jiya ya fara gani. Ya tsaya shiru, hannunsa a ɗage, yana jiran a yi masa faɗa. Da ya waiwaya, sai ya ga Baturen zaune a kan yashi yana kuka. Wannan karon ba a ce a sake ba.

Kafin la'asar labari ya zaga Assaga cewa Grema yana da babban ɗa a ɓoye. Har tsofaffi biyu suka zo yi masa jaje cewa yaron ya gudu Najeriya. Falmata ta san ƙarya ce, amma sai da ta zaunar da shi.

"Malam, in ba ɗanka ba ne, me ya sa aka ce idonka ya yi ja?"

"Tattasai ne," in ji shi, ko da yake shi kansa bai tabbata ba.

Ranar tafiya Ottavio ya rungume shi, ya kira shi Baba, alhali ya girmi Grema da shekara goma.

Sai a 2003 kaset ya iso ta gidan waya. Sa'adu ya gayyace su gidansa a Diffa da hantsi, ya kunna. Ga kogi, ga tattasai, ga Grema da kwandonsa. Da ya buɗe baki, sai wata murya mai kauri ta fito tana zuba Italiyanci. Falmata ta dafe ƙirji.

"Wannan muryar mai ƙiba ce, ba taka ba!"

"Me nake cewa?" Grema ya tambayi Sa'adu.

"Wallahi Grema, ni ma ban sani ba."

Har a wurin kwalekwalen, inda ya san bai ce uffan ba, muryar magana take ta yi, a hankali, kamar mai roƙon gafara. Grema ya kalli fim ɗin har ƙarshe, ya yi godiya, ya tafi kasuwa ya sayi man injin.

A 2008 wasiƙa ta zo da Faransanci daga Livia, ɗiyar Ottavio, Sa'adu ya fassara wa Grema. Ta ce mahaifinta ya rasu. Sau ɗaya tak aka nuna fim ɗin a tele, kuma bayansa bai sake yin wani ba. Hoton Grema yana kan teburinsa har ranar ƙarshe. Tana son ta san irin hirar da suka yi a kwanakin nan goma sha tara.

Grema ya daɗe yana murza hularsa. Ya ce wa Sa'adu bai taɓa jin kalma ɗaya daga bakin mutumin ya gane ta kai tsaye ba. Kuma bai san a matsayin wa zai yi gaisuwar ba, aboki ko ma'aikaci ko me. Daga ƙarshe ya sa aka rubuta cewa mahaifinta yana cire takalmi kafin ya shiga gona ba tare da an gaya masa ba, kuma Allah ya ba ta haƙuri.

Ranar Juma'a ya sa Falmata ta soya waina, ya raba a ƙofar masallaci. Liman Goni ya tambaye shi sadakar ta wane ce.

"Ta wani baƙo ce da ya taɓa sauka a gonata," in ji Grema.

"Ɗan ina?"

"Daga nesa yake, Liman."

Liman bai ƙara tambaya ba, ya ɗaga hannu, jama'a suka shafa.