Shatin Yatsa a Gefen Kogi

Shekara goma sha shida ke nan da muka kai Yaya Sale makwancinsa. Ni ba marubuci ba ne, mahauci ne, a aji huɗu na bar makaranta. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne tambayar da 'yarsa Zainabu ta yi mini ranar sunan ɗanta, na kasa amsawa.

Mutanen unguwarmu Ridina sun san shi da kekensa da akwatin fenti a baya. Mu duk gidanmu nama muka gada, shi kaɗai ya fita zakka. Da asuba zai tafi bakin kogin Shari, ya kafa katako a cikin yashi, ya yi ta zanen ruwa da fentin mai har rana ta take. Buhun fulawa yake miƙewa a jikin katako, ya shafe shi da gam ɗin da yake dafawa daga guntayen fatar da muke zubarwa. Gidan ya yi ta wari, mata su yi ta tsaki. A unguwa kuwa mahaukacin kogi ake ce masa. Waɗanda suka sa masa sunan su ne a sahun gaba ranar jana'iza, ina ganinsu.

Babanmu sharaɗi ɗaya ya gindaya masa: ya zana abin da ya ga dama, ban da mai rai. Yaya ya riƙe wannan alkawari har bayan ran tsohon. Sai ka ga kwalekwale babu masunci, ka ga sawun shanu a taɓo babu shanun. Na taɓa zama wurinsa wuni guda, na ce ko ni ɗan'uwansa ya saka. Ya yi dariya ya ce, “Ga ka nan, Idi.” Inuwata ce a kan yashi.

Hoto ma bai yarda an ɗauke shi ba. Na katin shaidarsa ruwan sama ya lalata shi a akwatin Inna.

Zazzaɓi ya ɗauke shi, Zainabu tana shekara uku. Ba a yi arba'in ba damina ta kama, rumfar namanmu tana yoyo. Kawunmu ya gano fentin mai ba ya shan ruwa, ya sa aka kwashe zanen duka aka buga a rufin rumfa. Aikin shekara da shekaru. Ka ɗaga kai kana sarar ƙashi, ka ga kogin Yaya a sama, ƙuda na bin sa. Rana ta cinye su kafin wata daminar. Ɗaya na ƙwata, da zagi.

Yanzu kowane yaro da waya a hannu yana ɗaukar hoton kansa. Inda Yaya yake kafa katakonsa manya sun zagaye da katanga, ko leƙen ruwan ba ka isa ba. Da yana nan me zai zana? Ina jin bangon zai zauna ya zana, ya tsaya jiran yadda hasken la'asar zai faɗa masa. Haka yake, ba ya fushi. Ni ne mai fushin.

Ranar suna an raɗa wa jariri Salisu. Mata suka yi ta cewa kamarsu ɗaya da marigayi, har waɗanda ba su taɓa ganinsa ba. Zainabu ta miƙo mini shi ta ce, “Baffa, kai ba ka ƙarya. Da gaske yana kama da Babana?”

Na dubi yaron. Na nemi fuskar Yaya a raina, wallahi babu ita. Ina jin muryarsa, ina jin warin kananzir a rigarsa, ina ganin ƙeyarsa ya duƙa kan zane. Kullum bayansa nake zama, shi yana kallon ruwa. Fuskar dai ta tafi, ban san yaushe ba.

Na ce mata ban sani ba. Ba ta yi kuka ba, ta karɓi ɗanta kawai.

Washegari na sauke zanen nan ɗaya daga bangona na kai mata gidanta a unguwar Abena. Ba wani kyau ne da shi ba ga mai neman kyau: ruwa, yashi, da inuwar wani zaune. Amma in ka shafa shi za ka ji yashin Shari na gaske da iska ta watsa a fentin yana ɗanye. A gefen dama kuma, inda ya riƙo shi a kan keke, babban yatsansa ya nutse, layukansa duk sun fito.

Na kama hannunta na ɗora a wurin. Na ce, “Fuskarsa ban ajiye miki ba. Wannan ne hannunsa.”

Ta daɗe ba ta ɗauke yatsanta ba.

Abin da ya rage na Yaya Sale ke nan a duniya: 'ya, da takwara, da wurin da bai kai faɗin goro ba a gefen buhun fulawa. Ƙusar tana nan a bangon ɗakina, ban cire ta ba. Allah Ya jiƙan Yaya, Ya haɗa ni da fuskarsa.