Ciyawar Tankin Zainab

Har gobe ina tuna ranar da Baba Harisu ya shigo shagonmu. Lokacin ina shekarata ta farko a shagon kifin ado da ke kusa da unguwar Dira a birnin Riyad. Aikina shara, goge gilashi da haɗa ruwan gishiri, domin Riyad ba teku, ruwan ma mu ke haɗa shi.

Baba Harisu tsohon direba ne, a unguwar Jaradiya yake zaune. 'Yarsa Zainab ta yi haɗarin mota, ta daɗe a kwance, sai ya saya mata ɗan tanki da bai fi bokiti ba, da kifi biyu da murjani mai rai, don ta riƙa kallo. Ranar ciyawar teku ya zo nema. Ga wanda bai sani ba, ita ciyawar tana shanye dattin da kifi ke fitarwa, tana kuma ƙawata tanki.

Mudir ɗinmu, wato manajan shagon, wani Bamisire, ya ciro masa wata koriya mai 'ya'ya kamar inabi. Baba ya yi murmushi ya ce, "Wannan za ta burge ta."

Ni ke goge tankin da aka ciro ta, na kuma daɗe ina lura da ita. Jijiya take miƙawa, ta kama dutse, ta ƙara miƙawa, sak kiri-kirin da ya wahalar da mu a gonar mahaifina a Malumfashi. Na taɓa ganin ta yi fari ta narke, ruwa ya gurɓace. Babban tanki ya jure, amma ƙarami ba zai jure ba.

Sai na ce, "Baba, kada ka ɗauki wannan. Za ta danne murjanin, in kuma ta narke kifin ba za su kai labari ba."

Mudir ya haɗe fuska ya tambayi abin da na ce. Na maimaita da ɗan guntun Larabcina, ina jiran a sallame ni. Ya juya ciyawar a tafin hannunsa, ya ga bakinta ya fara fari. Sannan ya ce mini, "Khalas, shi ke nan, kai ka zaɓa masa."

Na zaɓi wata ja mai rassa, mai girma a hankali, wadda ba ta yaɗo. Na nuna wa Baba yadda ake gane lafiyayya: ta yi tauri a hannu, ba fari, ba wari. Na ɗauraye ta, na duba ko da ƙwari a maƙale.

Bayan wata biyu sai ga shi da Zainab, tana dogara sanda. Ta ce, "Yaya, ciyawata ta yi tsawo, koya mini yadda ake rage ta." Mudir ya miƙo mini almakashi da kansa. Daga ranar ya bar mini sashen ciyawa.

Saboda haka ku sababbin ma'aikata, kafin ku ciro wa mutum ciyawa, ku tambayi girman tankinsa. Ku kuma tambayi wanda ke zama a gabansa yana kallo.