Ledar da Yaya Ya Ɗaura

Ina ban ruwa a lambun bayan gidanmu direban motar Yankara ya zo da labarin. Bai shigo ba, daga bakin shinge ya yi sallama. Ya ce yayana ya faɗo daga saman ginin da suke yi a Kaduna, har an yi masa sutura a can. Na ajiye bokiti, na tsaya ina kallon ruwan yana shiga ƙasa.

Shekarun nan ne da kuɗin man fetur suka kwashe mazan garinmu zuwa birni. Kafin ya tafi, Yaya ya yi wa ƙananan mangwaronmu aure, yadda ya gani wurin wani malamin gona a Daudawa. Namu na gida saiwarsa tana nisa, yana jure rani, amma 'ya'yansa duk zare ne. Sai ya tsaga kan kowanne, ya fiƙe reshen mai daɗi ya cusa, ya naɗe da leda tamau. Ya nuna mini koren nan mai danshi da ke ƙarƙashin ɓawo.

"Nan abincin yake bi," in ji shi. "In kore bai haɗu da kore ba, aikin banza ne. In ya kama kuma, a kwance ledar, kada ta shaƙe shi. Kana ji, ko kana kallon tsuntsaye?"

"Ina ji."

"Ƙarya kake, sarkin barci. Bari dai in dawo in kwance da kaina."

Shi ne ɗan fari, saboda haka Inna ba ta taɓa faɗin sunansa ba, ba ta kuma yi kuka gaban masu gaisuwa ba. Mata suka yi ta yabon haƙurinta. Da aka watse sai ta fara fita lambu, inda da ba ta zuwa. Ba ta taɓa komai, tsayawa kawai take yi.

Damina ta sauka, rassan suka kama, suka yi toho ja-ja. Itacen yana ƙara kauri, leda kuwa ba ta saki. Ɓawo ya kumbura a saman kowane ƙulli. Na ɗauko reza.

"Mi za ka yi?" in ji Inna daga bayana.

"Kwancewa zan yi, Inna. Ta fara cin jikinsu."

"Wa ya ɗaura?"

Na sauke rezar.

"To bar wa mai abu abinsa."

"Shi ya ce a kwance."

"Ni bai ce mani ba."

Na mayar da reza aljihu. A lokacin ba ni da ƙarfin gardama da kowa, noma ma da ƙyar nake yi. Kullum ina ba su ruwa ina kallon ledar tana nutsewa.

Wata rana iska ta karya ɗaya, daidai wurin ƙullin. Inna ta riga ni gani. Ta ɗauki reshen tana jujjuya shi, ta zare ledar, ta ƙulle a gefen zanenta.

"Kwance sauran," ta ce, ba ta dube ni ba. "Na bakin rijiya ka bar mani."

Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Ƙarƙashin kowace leda ɓawon ya yi fari, ya lotsa kamar yatsan da ya daɗe da zobe. Suka warke a hankali. Na bakin rijiya ban kwance shi ba, ita ma ba ta sake yi mini maganarsa ba.